Kafin ka hau motar Sawira

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan duk ƙalau. Ƙafar Ummanku ta yi sauƙi, har ta koma islamiyya.

Ba daga bakinka na ji ba, wannan kuwa shi ya fi ci mini rai. Ƙanwarka ce ta nuna wa Ummanku hoto a waya, ga ka rungume da jita, suma ta yi buzu-buzu, an rubuta a ƙasa wai da an gama jarrabawa sai Sawira, garin Hendrix. Ita ta ɗauka wani malaminku ne. Ni na san ko wane ne, Jimi Hendrix ne, makaɗin jitan nan na Amurka. Ba ka nemi shawarata ba, amma ga ta.

Ba zan ce kada ka je ba. Wanda ya shekara biyu a Marakish ta Maroko ba a hana shi tafiyar awa uku a mota, kuma garin ya isa a gani. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya gina shi wajen 1765, Turawa suna ce masa Mogador, kuma a nan ayarin Tumbuktu yake sauke gashin jimina da ƙaro da hauren giwa a loda wa jiragen ruwa. Ganuwar tana nan, manyan bindigogin tagulla suna jere a kanta suna kallon teku, a ƙarƙashinta kuma masassaƙa ne ke aikin wani ice mai ƙamshi da suke kira tuya.

Amma zancen Hendrix ka rage masa gishiri. A watan Yuli na 1969 ya zo Maroko hutu, kwanakin da ya yi a Sawira ba su taka kara sun karya ba, ya koma Amurka ya yi wasan Woodstock a watan Agusta. Za su kai ka ƙarshen rairayin bakin teku ta kudu, inda wani kango mai suna Borj el Barud yake nutsewa cikin yashi, su rantse maka cewa shi ya gani ya rubuta "Castles Made of Sand". Waƙar ta fita tun Disambar 1967, shekara ɗaya da rabi kafin ya taka ƙasar. A ƙauyen Diyabat, kamar kilomita uku daga gari, za ka ga hotonsa a bangon shagunan shayi, kowa da labarin da zai sayar maka. Ka sha shayinka, ka biya kuɗin shayi kawai.

Abin da yake gaskiya shi ne a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 'ya'yan Turawa da Amurkawa, 'yan hippi, sun cika Diyabat. Sun bijire wa iyayensu, sun ƙi yaƙin Biyetnam, sun ƙi aikin ofis, suka zo inda ɗaki ke da arha, kifi ke da arha, wiwi ya fi komai arha. Mafi yawansu da suka gaji, fasfo ɗinsu ya mai da su gida, aka karɓe su. Kai kuwa fasfo ɗinka kore ne, kuma kuɗin da aka tura ka da shi ka san abin da aka sayar.

In kiɗa ne ya ja ka da gaske, to kiɗan Sawira na Ginawa ne. Su jikokin bayi ne da aka tsallako da su hamada daga ƙasashenmu, har yau suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa a waƙoƙinsu, suna kuma jingina kansu ga Sayyidina Bilal, akwai zawiya da sunansa cikin gari. Gimbirinsu tsirkiya uku ne, an rufe bakinsa da fatar raƙumi, mai kiɗa yana taɓa tsirkiya yana bugun fatar a lokaci guda, shi ya sa za ka ji kamar molo da ganga sun haɗu a hannu ɗaya. Ƙarafan da suke kaɗawa kuwa, ka kalle su da kyau, 'yan'uwan sambani ne. Mahmud Giniya, wanda ya rasu a 2015, ɗan garin ne. Haka Paco, masassaƙin da ya shiga Nass el Ghiwane da gimbirinsa, ƙungiyar da ta yi wa samarin Maroko abin da rok ya yi wa na Turai, da harshensu, ba aro. Bikin kiɗan Ginawa da za ka je tun 1998 ake yin sa, babban dandalinsa a filin Mulay Hassan, dab da tashar jiragen kamun kifi. Kiɗan dandali ka saurara. Amma in an gayyace ka lila a cikin gida, wadda ake kwana ana turare ana sauya tufafi kala bakwai har wasu su faɗi, ka sani bori ne da wani suna, ka kuma san matsayin gidanmu a kai.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Faranti ne.

A bakin tekun nan akwai masu yawo da farantin alawa da kek, da fara'a, har su ce ka ɗanɗana. Wani na lafiya ne, wani ma'ajun ne. Ana dafa wiwi cikin man shanu har ƙarfinsa ya koma cikin man, a tace, a kwaɓa da zuma da gyaɗar Turawa da dabino ko ɓaure da kayan ƙamshi. Ba ya wari, ba hayaƙi, yaron da bai taɓa riƙe sigari ba zai ci ya ce ai alawa ce. Ga inda yake kayar da mutum: wanda ya zuƙi hayaƙi cikin mintuna yake jin abin, sai ya dakata. Wanda ya ci kuwa sai ya bi ta ciki da hanta, rabin awa har awa biyu bai ji komai ba. Sai ya ce wannan ba shi da ƙarfi, ya ƙara na biyu. Duka biyun su taso masa tare, zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, ya ga kowa kamar zai kashe shi, kuma ba ya sakinsa sai bayan awa shida ko takwas. Ba mai iya gaya maka nawa aka zuba a dunƙule ɗaya, har shi mai sayarwar. Wasu kuma don ya ƙara kamu suna haɗawa da zaƙami, shi dai haukata-yaro da ka sani a bayan gari. Ban da ƙwayoyin da suke kira ƙarƙubi, waɗanda ke yawo a duk inda samari suka yi cinkoso.

Ba sai na tuna maka ɗakin bayan gidan Kaka ba, da wanda ake kai wa abinci ta taga. Jininku ɗaya. Shi ma ba wanda ya kai shi kaifin ƙwaƙwalwa, shi ma da "sau ɗaya" ya fara. Akwai kan da wiwi ke wucewa ya bar shi, akwai wanda in ya taɓa ba ya komawa daidai, kuma ba a sanin wanne ne naka sai an gwada.

Shi gwanin naka Hendrix a Landan ya mutu ranar 18 ga Satumba 1970, yana da shekara 27, ya sha ƙwayoyin barci ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Mawaƙiya Janis Joplin ta bi shi bayan mako biyu da 'yan kwanaki, mawaƙi Jim Morrison a 1971, duka a 27. Wannan ba a zana shi a bangon shagon shayi.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa Maroko ta halatta. Dokar 2021 ta noma ce don magani da masana'antu, a wasu yankunan dutsen Rif. Sha har yanzu laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma wanda ya sayar maka yana iya zama shi zai nuna ka. Ɗan ƙasa yana da kawu da zai zo belinsa. Kai takardar zamanka ce za ta tafi, tallafin karatun ya bi ta, a sa ka a jirgi. Da wane ido zan kalli mutanen da na yi musu da su a kan tura ka? Kowa ya ce in bar ka a gida, ni kaɗai na tsaya. Sai ga shi a wayar yarinya nake jin inda ka dosa, kamar ni maƙwabci ne. Wannan ba tarbiyyar da na yi maka ba ce, kuma sunan mahaifina kake ɗauke da shi.

To, na faɗa, ya wuce. Na san halinka, ba ka taɓa ba ni kunya ba, jitar ma ban ce ka yar ba.

Ka kama ɗaki tun yanzu, don lokacin biki garin cika yake har mutane su kwana a rairayi, tikitin dawowa ma ka yanka tare da na tafiya. Ka tafi da rigar sanyi ko da Yuni ne, iskar garin ba ta hutawa, da dare har ƙashi take shiga. Ruwan tekun sanyi ƙarara gare shi, kai kuma iyonka na kududdufi ne, ka tsaya iya gwiwa. Kada ka ci ko ka sha abin da ba a gabanka aka buɗe ba, kada ka riƙe wa kowa jaka. Kifin sardin da ake gasawa a bakin tasha ka ci ka ƙoshi, amma ka yi ciniki kafin a ɗora a wuta. In wani cikin abokanka ya faɗi, kada ku bar shi rigingine, ku kwantar da shi ta gefe, ku karkata bakinsa ƙasa, kada ku ɗura masa ruwa, ku kira 15, lambar motar asibiti. 'Yan sanda 19 ne.

Na sa an tura maka ɗan abin da ya samu, ba yawa. Ka kira Ummanku kafin ka tashi, ka gaya mata da bakinka, kada ka nuna na riga ka. Sumar nan kuma a rage ta kafin Sallah.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka.