A Tanadar Wa Masu Keke Wurin Ajiya

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi kukana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfina, sai na kakkaɓe tsohon keken mahaifina ƙirar Phoenix, na sa masa sababbin tayoyi. Da shi nake zuwa aiki kullum daga Kurna zuwa Sabon Gari. Gumi kam ba a magana, musamman lokacin bazara, shi ya sa nake ɗaure wata riga a kariya in sauya idan na isa.

Hawan bai dame ni ba, ajiyar ce damuwata. Gidan haya muke, ciki da falo. Da farko a soro nake jingine shi, in sa masa kwaɗo. Wata asuba na fito, sirdi da ƙararrawa sun yi ƙafa. Na mayar da shi tsakar gida, damina ta zo sarƙar ta yi tsatsa, ga yaran maƙwabta suna sace masa iska don wasa. Yanzu a falo yake kwana bayan kujera, uwargida kuma kullum mita take yi kan baƙin man da ya ɓata mata ledar ɗaki. Da gaskiyarta.

Ina roƙon masu gidajen haya su riƙa kafa ƙarfe a soro inda za a ɗaure keke da kyau. Kasuwanni kuma a ware mana rumfa da mai gadi, ko da biya za mu yi. Direbobin adaidaita, don Allah ku daina matse mu a titin Katsina.

Naka,
Wani mai karatu daga Kurna, Kano.