Rahoton Kwamitin Gyaran Makabarta da Allon Tarihin Marigayi Baba Saje

Kwamitin gyaran tsohuwar makabartar gari yana gabatar da wannan rahoto ne saboda tambayoyin da suka yawaita daga masu ba da gudummawa, musamman 'yan'uwanmu mazauna Kano da Legas, game da inda kuɗinsu suka shiga.

An tara kuɗin ne don karrama marigayi Baba Saje, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma yana cikin waɗanda suka ratsa dazuzzukan Arakan har aka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japanawa a watan Janairun 1945. Takardar yabon da iyalansa suka adana ta nuna cewa ya koma cikin ruwan harsasai ya goyo wani sojansa da aka harba a cinya, dalilin da ya sa aka ba shi lambar jarumta ta Military Medal. Tun zaman farko malamanmu suka ja hankali cewa shari'a ta hana gini a kan kabari, don haka aka ajiye maganar hubbare, aka amince a kewaye makabartar da katanga, a kafa allon tarihinsa a bakin ƙofa daga waje.

Abin da ya cinye fiye da rabin kuɗin shi ne katangar gabas. An yi ƙiyasi lokacin da buhun siminti yake wajen naira 5,000, sai ga shi a watan Fabrairun 2024 ya haura 10,000. Duk da haka aka ɗaga katangar har ta kai kafaɗar mutum, amma ruwan Agusta ya zaizaye ƙarƙashin harsashinta, ta kife cikin dare, aka wayi gari bulo a warwatse, ruwa yana lasar gefen kaburbura. Masu cewa magini ya rage siminti ba su je wurin ba. Injiniyan da muka ɗauko ya haƙa ya nuna wa dattawa cewa gefen nan tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, har da guntayen leda a cikin ƙasar. An ba da shawarar a yi faci a wuce, kwamiti ya ƙi, domin kabarin Baba Saje yana dab da wannan kusurwa, kuma damina ɗaya ta isa ta tone shi. Aka zurfafa harsashi, aka zuba kankare da rodi, aka tsayar da ginshiƙai. Rasitai suna hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.

Godiya ta musamman ga Mai Girma Hakimi, wanda ya zo da kansa ranar da katangar ta faɗi, da Alhajin da ya ɗauki nauyin yashi da tsakuwa ya kuma roƙi a sakaya sunansa, da 'yan mazan jiya da suka tsakuro daga ɗan fanshonsu, da iyayenmu mata da suka ciyar da leburori. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan magabata.

Katanga ta tsaya, an kafa allo, amma har yanzu babu ƙofar ƙarfe, awaki suna shiga, kuma ba a gina magudanar da za ta karkatar da ruwan gabas ba. Muna roƙon kowa ya kai abin da ya sawwaƙa wurin ma'aji, domin a sa ƙofar kafin 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, a kuma kammala magudanar kafin ruwan farko.