Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi a kan tiya da buhu a wuraren sari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, ta hannun majalisar fada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa magajin Korau lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma, masu wannan takarda talakawanka ne da ke sarin buhu ɗaya zuwa biyar a Babbar Kasuwa da mangazoyin hatsi na cikin birni: masu shaguna da ƴan tebur na unguwanni, ƴan awo, da mata masu fura da tuwon sayarwa da ƙosai. Akwai na Zariya, Ali Ɗan Sofo, Bagalam, Mokoyo da Sabon Gari, akwai kuma ƴan uwanmu da ke shigowa ran Litinin da ran Juma'a daga Jiratawa, Madarunfa, Tsibiri da Gidan Rumji. Ba tsadar kaya muka kawo ƙara ba, don farashi na Allah ne, yana bin damina da canjin naira da halin da iyaka take ciki. Abin da ya kawo mu shi ne awo. Mutum ya biya kuɗin buhu cikakke, ya je gida ya auna ya tarar da giɓi, kuma babu inda zai kai kuka.

Ranka ya daɗe, ga lissafin yadda yake. Abin da kowa ya sani a ƙasar nan shi ne tiyar hatsi tana kai kilo 2 da rabi, buhun da ake kira na kilo 100 kuwa tiya 40 ne. Mu ɗauka, a misali, an sari buhu jika 24, jika guda kuwa dala 200 ce. Tiya ta tashi dala 120 ke nan. Ɗan tebur zai sayar dala 130, ribar buhun gaba ɗaya jika 2. A cikin jika biyun nan zai biya ɗan dako, ya biya amalanke ko adaidaita zuwa unguwa, ya ba dillali la'ada, ya sayi leda. Abin da ke saura bai cika wuce jika guda ba. To, in buhun ya zo da tiya 38, an cire masa jika guda da dala 60. Ya yi dako, ya yi zaman rana, ya ci uwar kuɗi. Daga nan sai ɗaya cikin biyu: ko jari ya karye, ko shi ma ya rage wa matar da ta zo sayen rabin tiya. Haka zaluncin yake gangarowa har ya tsaya a tukunyar wanda ba shi da wanda zai rage wa.

Tiya ita ce tushen matsalar, don yanzu kowa da tasa. Akwai wanda ke ajiye biyu: babba ta saye daga manomi a kasuwannin ƙauye, ƙarama ta sayarwa a birni. Akwai wadda aka buga gindinta ya shige ciki, in an dube ta daga sama ba a ganewa sai an kife ta. Akwai wadda aka yanke bakinta aka sake naɗe shi. Ko da tiyar ƙalau take, hannun mai awo ma yana magana. In shi ke saye, sai ya yi mata tozo, ya kewaye bakinta da hannu ya tare abin da zai zube. In shi ke sayarwa, sai ya zuba sama-sama ba girgizawa, ya juye da sauri kafin ido ya kai. Bambancin bai wuce tafi ɗaya ko biyu a kowace tiya ba, amma sau arba'in ake yi a buhu guda.

Buhun kansa ba a auna shi gaban mai saye. Ana nuna shi a tsaye, ɗinkakke, a ce cikakke ne. Wasu suna farke bakin buhun da ya zo daga ƙauye ko daga kamiyo, su ɗebi tiya biyu, su sake ɗinkewa ƙasa kaɗan, su ja igiya ta yi tauri. Daga buhu 20 an fitar da buhu guda kyauta. Wanda ya san aiki yana ganewa daga tsofaffin hudojin allura da ke sama da sabon ɗinki, da kunnuwan buhu da suka yi tsawo fiye da ƙima. Amma baƙo da mace mai sarin buhu ɗaya ba su da bakin cewa a kwance. In sun yi magana sai a ce musu ga masu jira a baya.

Sai algus na cikin buhu. Ana yi masa fuska: tsabtataccen hatsi a sama, tsakiya da ƙasa kuwa ƙaiƙayi da rairayi da tsakuwa, ko tsohon hatsi na bara da ƙwaro ya ci. Mai fura ita ke fara sani, don in ta sheƙe ta rairaye sai ta ga kwano ya cika da ƙasa. Da kaka kuma akwai hatsin da aka sussuka bai gama bushewa ba. Yana da nauyi ranar saye, bayan mako biyu ya sha iska ya ragu, in kuma an jibge shi a ɗaki mai zafi sai ya yi gumi, ya dunƙule, ya yi hunhuna. Gwajinsa ba wuya: a tauna ƙwaya, busasshiya tana fashewa ƙas, mai danshi tana lanƙwashewa a haƙori. Sai dai ƙwayar da za a tauna daga tsakiyar buhu ya kamata ta fito, ta hanyar ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu. Masu mangaza da yawa suna soka shi in su ke saye, amma ba su yarda a soka in su ke sayarwa. Aya, wadda yankinmu ya yi suna da ita, har ruwa ake yayyafa mata ta kumbura. Bayan ambaliyar ƙarshen watan Agusta na 2024, kayan da suka sha ruwa a ƙasan mangaza ba duka aka zubar ba, kuma kowace damina abin da muke tsoro ke nan.

Maganar wake ta fi ta kuɗi nauyi, don ta rai ce. Saboda ƙwaro, wasu suna jefa ƙwayar maganin nan mai tururi cikin buhu ba tare da sun ƙulle ta a tsumma ba, sai ta narke ta zama toka a cikin waken. Wasu ma maganin feshin gona suke zubawa. Mai ƙosai ta saya yau ta jiƙa gobe, ba wanda ya gaya mata yaushe aka sa maganin. Alhali akwai buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana aikin gona na nan Maraɗi suka yi aiki a kansa. In wake ya bushe sarai, aka matse iska, aka ɗaure kowane riɓi dabam, ƙwaro yana mutuwa ba magani, muddin ledar ba ta huje ba.

Shinkafa da sukari na kilo 50 da na 25 su ma ana sake musu buhu, bidon mai kuma ana buɗe murfinsa a rage. Sikeli zai warware waɗannan cikin minti ɗaya.

Ba mu ce duk manyan ƴan kasuwa haka suke ba. Alhazan garin nan da amana suka gina sunan Maraɗi, har bashi suke ba mu ba takarda, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka ce mu rubuto, don mai rage buhu yana karya musu farashi. Dillalai ma ba mu ƙi su ba, su ne suka san inda kaya suke. Abin da ya dame mu shi ne wanda ke karɓar la'ada a hannun mai kaya, ya karɓa a hannunmu, ya kuma ɗora nasa a kan farashi, sannan in buhu ya zo da giɓi a neme shi a rasa.

Don haka, Allah ya ba ka nasara, muna roƙon Sarki ya tara hukumar birni da shugabannin ƴan kasuwa da na dillalai da malamai a zauna. Babban abin da muke nema shi ne tiya ɗaya. A ƙera ta gwaji, a auna ta da sikeli gaban shaidu, a ajiye guda a fada guda a kasuwa, duk mai awo ya kawo tasa a gwada a buga mata hatimi a baki da gindi, yadda in an yanke ko an buga za a gani. A kuma yanke magana guda kan yadda ake cika ta, da tozo ko shafe, saye da sayarwa iri ɗaya. A sake duba hatimin sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara lokacin da hatsi ke tsada.

Muna roƙon a kafa babban sikeli na kowa a bakin wurin hatsi, da amintaccen mutum a kansa da dogarin Sarki a gefensa. Mun yarda mu biya dala biyar ko goma a kowane buhu don albashinsa da gyaran sikelin. A ba mai saye damar soka buhu a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kafin ya biya, kuma in ya dawo da buhu cikin kwana ɗaya da shaidar mai sikeli, a cika masa ko a mayar masa da kuɗinsa. La'ada a faɗe ta a fili, a san wanda ke biya. Waken da aka sa wa magani a rubuta ranar a jikin buhu, wanda aka kama da maganin feshi kuwa a ƙwace kayan. Malamanmu na masallatan Juma'a su taimaka da tunatarwa, don Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu ta sauka, kuma mu ƴan tebur ba mu cire kanmu ba: tiyoyinmu a fara gwadawa.

Muna fatan a yi zaman kafin sabon hatsi ya fara shigowa kasuwa. Wakilanmu a shirye suke su zo fada da tiyoyi iri-iri da buhu biyu da sikeli, a auna gaban Sarki.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Daga talakawanka, masu ƙaramin sari da ƴan awo da mata masu sana'ar abinci na birnin Maraɗi da kewaye. Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardun da ke haɗe.