Wasiƙa Zuwa ga Baba Kan Batun Karen Gidanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida. Mu ma a nan Jamus muna nan lafiya. Surukarku tana fama da nauyin ciki, amma likita ya ce komai yana tafiya daidai, jikokinku kuma kullum sai sun tambaye ku.

Yaya ya isar mini da saƙonku cewa tun da haihuwa ta ƙarato, ya kamata mu rabu da karen nan namu kafin jariri ya iso. Na san tausayin jinjiri da tsoron cuta ne suka sa kuka faɗi haka, shi ya sa na ga bai dace in amsa muku a gurguje ta waya ba. Ina roƙon ku yi haƙuri ku ji yadda al'amarin yake daga farko, sannan ku yi mana hukunci.

Mun ɗauko shi ne yana ɗan kwikwiyo daga gidan da ake tara dabbobin da ba su da masu su, a lokacin da nake aikin dare, surukarku kuma tana kwana ita kaɗai da goyon babban jikanku a wani gida da ke gefen gari. Gadi muka ɗauko shi ya yi, kuma ya yi shi tsakani da Allah, domin tun zuwansa ba wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofarmu da dare ba tare da mun sani ba. Muka sa masa suna Toka saboda launin gashinsa. Makwancinsa yana zaure ne kusa da ƙofa, ba ya shiga ɗakin kwana ko inda muke salla, kwanonsa daban yake, kuma tun yana ƙarami ya san iyakarsa bai taɓa tsallake ta ba.

Abin da ban yi zato ba shi ne irin shaƙuwar da ta shiga tsakaninsa da yaran. Lokacin da babban jikanku ya fara koyon tafiya, gashin wuyan Toka yake damƙa ya miƙe tsaye, shi kuwa sai ya ƙame wuri ɗaya, ko wutsiya ba ya kaɗawa, har sai yaron ya daidaita ƙafafunsa, sannan ya fara takawa a hankali yana waiwayensa. Ba wanda ya koya masa wannan. Da ƙanwarsa ta zo, ita ma haka ya yi mata. A wani hunturu da zazzaɓi ya kwantar da ita, sai ya bar makwancinsa ya koma bakin ƙofar ɗakinta, ya shimfiɗa haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba, aka kai masa abinci ya sunsuna ya kau da kai, bai koma ci sosai ba sai ranar da ta fito da ƙafarta. Duk lokacin da na tuna wannan kwanciyar tasa, sai karen Ashabul Kahfi ya faɗo mini a rai, wanda Alƙur'ani ya siffanta da cewa ya shimfiɗa zira'o'insa a bakin kogo.

Yanzu tsufa ya kama shi. Yawancin karnuka shekara 10 zuwa 13 suke yi a duniya, manyan cikinsu ma sun fi saurin tsufa, shi kuwa ya doshi goma. Furfura ta fito masa a baki, ƙafafunsa na baya sun yi tsami, likitan dabbobi ya ce ciwon gaɓoɓi ne, in ya tashi da safe sai ya daɗe yana miƙa kafin ya iya takawa. Yaron da a da yake jingina da shi, yau shi ne yake fita da shi da yamma, yana rage sauri saboda shi, yana tsayawa ya jira shi a kan matakala ba tare da an ce masa ya yi ba. Baba, na yi ta yi wa yaron nan nasiha a kan haƙuri da tausayin na ƙasa da shi, amma ban ga ta zauna masa ba kamar yadda ta zauna ta hanyar wannan dabba. Idan na mayar da Toka inda muka ɗauko shi a wannan shekarun nasa, da wuya a sami mai ɗaukarsa, domin masu zuwa can 'yan kwikwiyo suka fi nema, kuma ina tsoron abin da yaran za su fahimta shi ne cewa wanda ya yi maka hidima da ƙarfinsa, in ƙarfin ya ƙare sai ka sallame shi.

Kwanakin baya jikan naku ya zo mini da wani labari da ya ji a makaranta, na bincika na tarar gaskiya ne. A shekarar 1914, masu fasa dutse a Oberkassel kusa da birnin Bonn na nan Jamus sun tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000, a cikinsa akwai namiji da mace da kuma ɗan kare da aka binne tare da su. Da masana suka sake duba haƙoransa a 'yan shekarun nan, sai suka gano ya sha fama da wata muguwar cutar karnuka na tsawon makonni tun yana ƙarami, irin wadda ba zai jure mata ba sai da wanda ya riƙa ba shi ruwa, yana share shi, yana ɗumama shi. Bai kai ga yin farauta ko gadi ba, bai amfane su da komai ba, amma suka yi jinyarsa. Ku kuma kun fi ni sanin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa.

Duk da haka, tsoron da kuke yi yana kan hanya, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizo ko yagar kare, kuma kimanin huɗu cikin goma na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. To amma cuta ce da allura ke tare ta, tun da masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya fara yi wa mutum ita a 1885. Toka ba ya tsallake allurarsa, ana ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska a kan lokaci, yana da rajista a hukumar gari, har haraji nake biya a kansa kamar yadda dokar ƙasar nan ta tanada.

Game da jariri kuwa, ga abin da muka shirya. Mun riga mun sa shinge a ƙofar ɗakin, domin Toka ya saba da shi tun kafin haihuwa. Kafin a sallamo su daga asibiti zan kawo masa zanen da aka naɗe jinjirin da shi ya sunsuna, saboda kare da hanci yake fara sanin mutum, in ya san ƙamshin ba zai ɗauke shi baƙo ba. Ba za mu taɓa barin su su biyu kaɗai ba, ko na ƙiftawar ido, duk da yardar da muka yi masa, domin kare mai ciwon gaɓoɓi yana iya kai cizo idan aka taɓa inda ke masa zafi. Yaran ma sun san ba a taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kuma idan ya kau da kai, ko yana yawan lasar baki da hamma, ko ya yi gurnani, to yana neman a ƙyale shi ne. Ba ma dukansa don ya yi gurnani, tun da gargaɗi ne, wanda aka hana gargaɗi kuwa shi ne yake cizo ba zato.

Ina kuma roƙon a ja kunnen ƙannena da 'ya'yan Yaya cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yaga, kome ƙanƙantar raunin, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce da shi asibiti a ranar don a fara allura, kada a tsaya jiran alama, domin in alamun ciwon suka bayyana kusan ba a tashi.

Wannan shi ne uzurina, Baba. Ina roƙon ku yarje mana mu riƙe shi har iyakar kwanansa bisa waɗannan sharuɗɗa, idan kuma akwai wani sharaɗi da kuke so a ƙara, ku gaya wa Yaya ya sanar da ni, zan cika shi in sha Allahu. A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata muna neman addu'arta Allah Ya sauki surukarta lafiya.

Wassalam.

Ni ne ɗanku mai biyayya.