Gaisuwar Sallah daga bakin tekun Witbi

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina fatan kuɗin ɗinkin yara sun iso a kan kari.

Mun yi Idi a garin Midilsbara, cikin masallaci saboda ruwan sama. Da yake an ba ni hutu a wurin aiki, washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Witbi, wani tsohon garin masunta da matuƙa jiragen ruwa a arewa maso gabashin Ingila, inda kogin Esk ke faɗawa teku. Gari ne ɗan ƙarami, gidaje masu jan rufi a cunkushe jikin tudu, lungunan wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. A wani lungu akwai gidan da ake banda kifi tun 1872. Bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin, ƙamshin hayaƙi tun daga nesa yake tarar mutum.

Baba, da teku aka gina garin nan. Daga 1753 zuwa wajen 1837 mutanensa kan tafi can yankin ƙanƙara farautar ƙaton kifin teku da ake kira wel, su narkar da kitsensa a yi man fitila, kuma ba kowane jirgi ke dawowa ba. Har yau akwai ƙasusuwan muƙamuƙin kifin guda biyu da aka kafa a kan tudun yamma, mutane na wucewa ta ƙarƙashinsu. A nan kuma Kyaftin Jems Kuk, shahararren matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya koyi aikin jirgi tun 1746, yana yaron wani mai jiragen dakon kwal. Mun shiga gidan maigidan nasa, mun hau har ɗakin ƙarƙashin rufi inda aka ce yaran gida ke kwana. Jirgin da ya kai shi gabashin Ostareliya a 1770 ma a Witbi aka ƙera shi a 1764, don dakon kwal, mai shimfiɗaɗɗen gindi yadda zai zauna a kan yashi in ruwa ya janye. Su nan alfahari suke da shi. Ni kam na kasa mance cewa zuwansa ne ya buɗe ƙofar ƙwace wa mutanen can ƙasarsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana kan tudun gabas, sai an hau matakala 199. Kango ne na gidan ibadar Kiristoci da aka fara kafawa a 657, wata mata mai suna Hilda ce shugabarsa. A 664 malamansu suka taru a nan don raba gardamar lissafin ranar bikin Ista, domin a gidan sarki ɗaya wasu na biki wasu na azumi. Inna, ashe rigimar ganin wata ba a kanmu aka fara ba. Sarkin Ingila Henri na takwas ya rufe wurin a 1539, aka kwashe rufinsa, jiragen ruwan yaƙin Jamus kuma suka yi masa ruwan wuta a Disamban 1914. Duk da haka ba a share shi an yi shaguna ba. Ana kula da duwatsun, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Shi ya sa nake roƙon arziki, Baba. Yaya ya ce mini ana shawarar rushe zauren Kaka a fitar da shaguna biyu. Na san akwai buƙata, kuma ba na gaba da ku a magana, amma don Allah a dakata. A kira magini ya duba azarar, a gyara indararon, a yi yaɓe kafin damina ta sauka. Ni zan ɗauki nauyin aikin, zan turo kuɗin ƙarshen wata in Allah Ya yarda. In ya so a yi shagon ta gefen garejin.

A gaida Gwaggo da jiki, da su Yaya da iyalinsa. Goron Sallar yara na hannun Inna. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yarku