A Daina Naɗa wa Yaran Besbol Rawani Tun Ba Su Taka Filin Manya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan yadda ake kawo labarin matasan 'yan wasan besbol na Amurka. Da zarar an ce yaro shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara, sai a hau yi masa kirari kamar ya riga ya gama cin duniya. In shekara uku ta wuce bai yi abin da aka faɗa ba, sai a juya a ce dama yaudara ce. Duka biyun zalunci ne ga yaron, kuma suna hana mai karatu fahimtar yadda wasan yake.

Masu farautar 'yan wasa ba su cika yin kuskure kan baiwa ba. Suna auna abu biyar a jikin yaro: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowanne ana ba shi maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasar MLB. Gudu agogo ke auna shi, jifa kuma na'ura. Amma iya samun ƙwallo da sanda, wanda shi ne uwa uba, sai dai a yi hasashe. Rahoton mai farauta cewa yake yi ga inda yaron zai iya kaiwa idan komai ya tafi daidai. Kafin maganar ta iso kanun labarai, "zai iya" ta koma "zai".

Dalilin wuyar hasashen a fili yake. A makarantar sakandare da jami'a da sandar ƙarfe mara nauyi ake bugu, wadda ko an sami ƙwallo a gefe sai ta yi nisa. A wasan ƙwararru sandar itace ce, idan ba tsakiyarta ta sami ƙwallon ba sai ta faɗi kusa, ko sandar ta tsage. Tazarar mai jifa da mai bugu mita 18.44 ce. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 153 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin sakan, kuma a cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne mai bugu zai gane ko miƙaƙƙiya ce, ko mai lanƙwasawa ƙasa, ko mai zamewa gefe, ko wadda aka rage wa gudu don a yaudare shi. Yaron da ya yi suna a garinsu galibi miƙaƙƙiyar kawai ya saba duka, don tsaransa ba su iya sarrafa sauran ba.

Shi ya sa ake bi da su ta ƙananan rukunai, daga na sabbin shiga zuwa matakin A guda biyu, sai AA, sai AAA. A matakin AA ne ake rabe aya da tsakuwa. A can mai jifa zai jefo mai lanƙwasa a lokacin da kowa ke jiran miƙaƙƙiya, kuma ta faɗa daidai inda ya nufa. Idan ya gano yaro yana bin ƙwallon da ta zame waje, to ita zai yi ta ba shi har sai ya gyara ko ya tattara kayansa.

Tun 1965 ake wannan zaɓe, kuma tarihin waɗanda aka fara ɗauka ya ishi mai lura. A ciki akwai Ken Griffey Jr. na 1987, wanda ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 630, da Chipper Jones na 1990, da Joe Mauer na 2001, dukkansu suna cikin zauren gwarazan wasan. Bryce Harper yana ɗan shekara 16 mujallar Sports Illustrated ta sa shi a bangonta a 2009, aka ɗauke shi na farko a 2010, ya kuma zama gwarzon rukuninsa a 2015 da 2021. Yabon gwani ya zama dole, wannan ya cika alkawari.

A cikin jerin nan kuma akwai uku da suka bar wasa ba su buga ko sau ɗaya a MLB ba. Steve Chilcott, wanda ƙungiyar Mets ta fifita a kan Reggie Jackson a 1966, kafaɗa ce ta kayar da shi. Brien Taylor, da Yankees suka ba dala miliyan 1.55 a 1991, ya lalata kafaɗar da yake jifa da ita a wani faɗa a Disambar 1993, gudun jifansa bai sake dawowa ba. Brady Aiken na 2014 kuwa, tun a gwajin likita 'yan ƙungiyar Astros da suka ɗauke shi suka ga abin da bai kwanta musu ba a gwiwar hannunsa, cinikin ya watse, shekara na zagayowa aka yi masa tiyata. A lura, babu ɗaya a cikinsu da aka ce bai iya ba. Jiki ne ya ƙi.

A nan nake so a tsaya da kyau, domin mai jifa shi ne kaya mafi hatsari a wannan kasuwa. A cikin gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙasusuwa, kuma duk jifa mai ƙarfi yana miƙar da ita kusan iyakar abin da za ta iya ɗauka. Abin da ya sa aka kambama yaron, wato gudun jifa, shi ne kuma ke cin jijiyar. A jami'a sau ɗaya a mako yake fara wasa. A wajen ƙwararru duk kwana biyar ne, a kakar da ake wasa 162. Idan ta tsinke sai tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, wani mai jifa wanda likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974: a ciro jijiya daga wani wuri a jiki, a huda ƙashi, a zura ta a ɗaure. Jinya wata 12 zuwa 18 ce, kuma gudu kan riga saiti dawowa.

Dubi Stephen Strasburg. Ƙungiyar Nationals ta ɗauke shi na farko a 2009 da kwantiragin dala miliyan 15.1. Ranar 8 ga Yunin 2010, a wasansa na farko, ya fitar da masu bugu 14 na ƙungiyar Pirates, wato kowannensu ya kuskure jifa uku. Kafin kakar ta ƙare jijiyar ta tsinke. Ya dawo, ya kai ƙungiyar ga kofin 2019, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe. Bayan nan ya sa hannu kan dala miliyan 245 na shekara bakwai, ciwon jijiyoyin kafaɗa da wuya ya hana shi sakat, wasa takwas kacal ya ƙara yi har ya yi ritaya a 2024. To, ya cika alkawari ko bai cika ba? Ni a ganina ya cika, don ya kawo kofin da aka ɗauko shi dominsa. Wanda ya sa ran shekara ashirin zai ce a'a. Awon da aka ɗora masa ne ya bambanta.

Wani lokacin laifin na ƙungiya ne. A 1973 Rangers sun ɗauko David Clyde daga sakandare kai tsaye zuwa filin manya yana ɗan shekara 18, don a cika filin da 'yan kallo. An cika shi kuwa. Yaron bai sami zaman koyon sana'a a ƙasa ba, hannunsa ya lalace, ya tashi da nasara 18 da rashin nasara 33, kuma yana ɗan shekara 24 ya yi wasansa na ƙarshe. Sauri ya haifi nawa.

Gaggawar yanke hukunci ma kuskure ce. Mike Trout, wanda aka ɗauka na 25 a 2009, bai taɓuka abin kirki ba a wasanni 40 na farko a 2011, daga baya ya zama gwarzo sau uku. Aaron Judge a 2016 an fitar da shi sau 42 cikin tsayuwa 84, shekara na zagayowa ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 52. Jackson Holliday, na farko a 2022, sau biyu kawai bugunsa ya yi nasara cikin tsayuwa 34 a Afrilun 2024, aka mayar da shi AAA yana ɗan shekara 20. Wannan ba faɗuwa ba ce, karatu ne bai ƙare ba. Ga kuma ɗan hakin da aka raina: Albert Pujols shi ne na 402 a zaɓen 1999, ya ƙare wasa da tsallakar da ƙwallo katanga sau 703.

Don haka, Malam Edita, idan wakilinku zai kawo labarin wani yaro, ya faɗa mana shekarunsa da matakin da yake bugawa, domin ɗan shekara 20 da ke riƙe kansa a AA ya fi ɗan 24 da ke ragargazar yara a matakin A. Idan mai bugu ne, a faɗi sau nawa ake fitar da shi. Wanda ake fitarwa kusan sau ɗaya cikin uku a AA, manya za su fi wahalar da shi. Idan mai jifa ne, kada a tsaya ga gudu: a faɗi sau nawa yake ba da tafiya kyauta, wato mai bugu ya wuce ba tare da ya buga ba, saboda rashin saiti, ko yana da jifa na uku da zai dogara da shi in masu bugu sun gan shi sau biyu, da ko an taɓa buɗe masa gwiwar hannu ko kafaɗa. Alƙaluman mako biyu kuma a ajiye su gefe har sai ya yi tsayuwa ɗari huɗu ko biyar.

Na gode da wannan fili da kuke ba mu. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na wasanni