Godiya ga kamfanin da ke riƙe mana da shafi da imel

Assalamu alaikum ma'aikatan kamfanin da sabar shafinmu da imel ɗinmu suke hannunsu, tun daga injiniyoyi har masu amsa waya.

Mu kwastoma halinmu ɗaya ne, ranar da shafi ya sauka na minti goma duk duniya sai ta ji muryarmu, amma a yi wata shida komai na tafiya lafiya lau ba wanda zai ɗaga waya ya ce muku sannu da aiki. Ni ma haka nake. Shi ya sa na ce bari wannan karon in yi godiyar a bainar jama'a tunda ƙorafin ma a bainar jama'a muke yin sa.

Kamfaninmu ƙarami ne, mu bakwai ne duka, kuma rabin cinikinmu ta imel yake shigowa. Wani dare ɗaya daga cikin yaran ofis ya samu saƙo mai tambarinku sak, wai akwatinsa ya cika, ya danna linki ya sake sa fasiwod in ba haka ba za a rufe masa akwati cikin awa 24. Bawan Allah ya danna, ya rubuta fasiwod ɗin, ya kwanta abinsa. Ashe shafin na bogi ne. Cikin daren masu kutse suka shiga suka fara watsa saƙonnin damfara da sunanmu.

Da safe na tashi na tarar an dakatar da aika saƙo daga akwatin nasa, kuma gaskiya raina ya ɓaci, na kira layinku ina ta faɗa kafin ma in karanta bayanin da kuka turo. Baiwar Allahn da ta ɗauka ta bar ni na gama, sannan ta ce yallaɓai ka buɗe saƙon mu duba tare. A ciki an rubuta lokacin da aka shiga akwatin, da cewa an shiga ne daga wata ƙasa da ba mu taɓa shiga daga can ba, da cewa akwatin da bai wuce saƙo talatin a yini ba ya koma aika ɗaruruwa cikin 'yan mintuna, shi ne na'urarku ta tsayar da shi. Shi kaɗai fa, sauran akwatuna shida ba a taɓa su ba. Sai na ji kunya ta kama ni.

Amma abin da ya sa har yau nake jinjina mata shi ne da na ce to shi ke nan bari mu canza fasiwod, sai ta ce tsaya tukun, shiga saitin tura saƙo. Muka shiga, sai ga wata doka da ɓarayin suka dasa, duk saƙon da ya shigo da maganar biyan kuɗi a kwafe shi zuwa wani adireshi na waje sannan a ɓoye shi a wata folda da ba mai leƙawa. Wato da fasiwod kawai muka canza da sun ci gaba da karanta hirarmu da kwastomomi, su jira ranar da za a biya mu su tura lambar asusunsu a maimakon tamu. Ni ban ma san ana yin haka ba. Ta sa muka goge dokar, muka fitar da duk na'urar da ke cikin akwatin, sannan ta zauna da mu a waya har kowa ya kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan fasiwod sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa waya kafin a shiga, ciki har da ni da nake ta cewa wahala ce.

Daga baya na fahimci dalilin saurin naku. Mu da wasu kamfanoni da yawa sabar ɗaya muke kai, adireshin IP ɗaya muke fita da shi, wato lambar da ake gane sabar da ita a intanet, in irin su Spamhaus masu tattara jerin adireshin da ke watsa saƙonnin banza suka sa shi a baƙin littafi to saƙon kowa zai riƙa dawowa ko ya faɗa kwandon shara, har da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kun kare mu, kun kuma kare maƙwabtanmu daga sakacinmu.

Sai batun SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa imel daga wurin mai shi ya fito, sunaye uku da suke sa ni ciwon kai. A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida, wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a yini zuwa Gmail dole ya kasance da duka ukun, ƙananan masu aikawa irinmu kuma a ƙalla SPF ko DKIM. Tun kafin lokacin kun rubuto mana. Injiniyanku ya yi min bayani yadda zan gane: SPF jerin sabar da aka yarda su aika da sunan domen ɗinka ne, wato sunan shafinka da ke bayan @ a imel, DKIM hatimi ne da ake bugawa a kowane saƙo don a san ba a taɓa shi a hanya ba, DMARC kuma shi ke gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar. Bai yi gaggawa ba, sai da muka yi makonni ana kallo kawai ana karɓar rahoto, a nan ne ma aka gano manhajar da muke fitar da rasit da ita tana aikawa da sunanmu ba ta cikin jerin. Da an sa DMARC ya fara ƙin saƙon da ya faɗi jarrabawar tun ranar farko da rasitanmu sun riƙa ɓata a hanya.

Bakof ma, wato kwafin shafin da kuke ajiyewa, na gwada shi ba da son raina ba. Na sabunta wani fulogin, wato ƙaramin ƙari a kan WordPress, manhajar da shafinmu ke kai, da kaina, shafi ya koma fari fat, babu rubutu babu hoto. Ko awa ɗaya ba a yi ba kuka dawo min da kwafin daren jiya. Na tambaya ina kuke ajiye kwafin, aka ce a wata cibiyar daban a wani gari, kuma lokaci-lokaci ana gwada dawo da shi don a tabbatar yana aiki. Hankalina ya kwanta, don ban manta gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, wani kamfanin sabar irin naku, a Strasbourg ta Faransa a watan Maris na 2021 ba, wasu da bakof ɗinsu yake harabar wurin guda suka wayi gari ba shafi ba kwafi.

Ba wai ba ku taɓa sauka ba. Alƙawarin cewa shafi zai kasance a tsaye kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci ma in ka lissafa ya bar kusan awa 8 da minti 45 na sauka a shekara. Ranar da wani faifai ya mutu a sabarmu kun faɗi abin da ya faru, ba ku ce matsalar daga intanet ɗina take ba, bayan an gyara kuma kun rubuto me ya jawo da abin da kuka canza. Kwaɗon nan na gefen adireshin shafi kuwa, wato takardar shaidar tsaro ta hukumar Let's Encrypt da ke ƙarewa duk kwana 90, ban taɓa sanin ranar da kuke sabunta ta ba.

Ƙorafina ɗaya ne, sanarwarku ta gyaran sabar da harshen injiniyoyi kuke rubuta ta, sai na karanta sau uku kafin in gane ko shafina zai sauka ko ba zai sauka ba. Don Allah a riƙa sa layi ɗaya a sama na mu gama-gari.

A gaishe min da baiwar Allahn nan da na yi wa faɗa, ta yafe min, da injiniyan da yake aikin dare ranar. Allah ya saka muku da alheri. Shi kuma yaron namu yanzu ko saƙonku na gaskiya ne ya shigo ba ya buɗewa sai ya kawo min wayar na duba.

Naku,
ɗaya daga cikin kwastomominku.